Salon wane gwani zan kwaikwaya in dawo da kuɗina a poka?

Tambaya: Malam barka da aiki. Wata bakwai kenan ina buga poka, wato wasan karta na kuɗi, a waya. Na fara da gasar da ba a biyan kuɗin shiga, na ci dala 40, daga nan na fara saka nawa, yanzu maganar da nake maka na taɓa jarin shagon yayana kuma bai sani ba, ko barci ba na iya yi. Ina kallon wasan Negreanu da Phil Ivey a YouTube, wanne ya kamata in bi salonsa? Akwai kuma wani a Telegram da ya ce in biya shi ya ba ni sirrin cin gasa. Don Allah a taimaka.

Amsa: Ƙanena, Allah ya yaye maka wannan damuwa. Tunda salo ka tambaya bari in taɓa shi a gurguje, duk da ba nan ciwon yake ba.

Daniel Negreanu an san shi da shiga hannu (wato zagayen wasa) da yawa da ƙananan kuɗi, yana hira da abokin karawa yana karantarsa, ba ya son tura duk kuɗinsa lokaci guda sai ya tabbatar. Phil Ivey shi kuma shiru ne da kallo, ya matsa maka lamba da burga har ka ajiye karta mai kyau. Phil Hellmuth, mai munduwar gasar duniya 17 (kyautar da ake ba wanda ya lashe gasa), haƙuri ne nasa da jiran lokaci, sai faɗa idan an ci shi. Yaran yanzu kuma yawancinsu manhaja suke zama da ita suna haddace lissafin kowane hannu. Duk waɗannan salon an gina su ne a kan abu biyu da ba ka da su, jari mai kauri wanda zai jure asarar watanni, da shekaru ana buga dubban hannuwa. Kuma abin da kake gani a YouTube an tace shi ne, awa goma mutum yana ajiye karta ba za a nuna maka ba, sai minti ukun da ya yi abin mamaki.

To yanzu ga abin da ke ci min rai, don kusan kullum sai wani ya zo min da shi: wai poka ba caca ba ce, ƙwarewa ce, tunda ga mutane can sun ci miliyoyin daloli. Ni lissafin yiwuwa nake koyarwa, na kuma daɗe ina bin wannan wasa, ba zan ce maka babu ƙwarewa a ciki ba, akwai. Amma kuɗin da gwani ke ci daga aljihun wa suke fitowa? Ba kamfani ke biyansa ba, kamfani la'adarsa kawai yake yanka a kowane hannu da kowane kuɗin shiga, ko ka ci ko an ci ka. Kuɗin irinku ne sababbin shiga. Gasar kyautar da ta ba ka dala 40 ɗin nan ai tsaba ce aka watsa wa kaza, kuma ga shi ta yi aikinta.

Sannan wannan adadin da ake rubutawa wai wane ya ci dala miliyan kaza a rayuwarsa, wallahi ba riba ba ce, jimillar abin da aka miƙa masa ne ba a cire kuɗin shiga ba, ba a cire haraji ba, ba a cire kason masu zuba masa jari ba, don da yawansu sayar da kaso suke yi kafin su zauna a tebur. Shi kansa Negreanu da kake son kwaikwaya ya fito da lissafinsa na 2017, ya karɓi kusan dala miliyan 2.8 a gasanni, amma kuɗin shigar da ya biya sun fi haka, ya tashi da asarar sama da dala dubu 80. Wannan fa mutum ne da kamfani ke ɗaukar nauyinsa a lokacin. Gus Hansen da duniya ta sani da wasan ba tsoro, sama da dala miliyan 20 ya zubar a intanet. Stu Ungar sau uku yana cin babbar gasar Las Vegas, 1980 da 1981 da 1997, shekara ɗaya bayan ta ƙarshen aka tsinci gawarsa a ɗakin wani ƙaramin otal, ba shi da komai sai 'yan ɗaruruwan daloli.

Na san labarin da ke ruɗin kowa, na Chris Moneymaker, akawun nan na jihar Tennessee da ya shiga gasar share fage ta 'yan daloli a shafin poka na PokerStars a 2003, ya samu kujera a babbar gasar Las Vegas, ya je ya ci dala miliyan 2.5. Gaskiya ne ya faru. Amma mutum 839 suka zauna a gasar nan, kujerar kowa dala 10,000, akasarinsu hannu rabbana suka koma gida ba wanda ya san sunansu. A 2023 waɗanda suka shiga sun haura 10,000, kuma wajen kashi 15 cikin ɗari ne kawai ake biya ko sisi. Kai ko kartar A biyu ka riƙe, hannun farawa da ya fi kowanne, ka kara da mai ƙananan karta biyu iri ɗaya, wajen sau ɗaya cikin biyar shi zai cinye ka. A gasa guda sau nawa za ka tsallake irin wannan siraɗin kafin ka kai teburin ƙarshe? Shi ya sa gwani na gaske ma yake iya shekara yana asara.

Kwanakin baya wani yaro ya zo min da wayarsa gilashin duk ya tsage, yana nuna min hotunan cin da ya yi, ya adana su reras. Na ce buɗe min manhajar banki. Muka zauna da biro da bayan takardar jarabawa muna tara abin da ya tura da abin da ya dawo masa, tun kafin mu kai wata na uku ya daina magana, hannunsa na rawa. Bai taɓa haɗa lissafin ba sai ranar, cin kawai yake tunawa.

Ga kuma abin da ba ka gani ta cikin waya. A 2019 wata manhaja mai suna Pluribus da jami'ar Carnegie Mellon da Facebook suka ƙera ta doke ƙwararru a tebur mai mutum shida, to kai wa ya tabbatar maka mutum ne a ɗaya ɓangaren? An taɓa kama na cikin gida a shafin poka na UltimateBet suna ganin kartar abokan wasa. Shafin Full Tilt kuwa da hukumomin Amurka suka ƙwace adireshinsa na intanet a 2011, sai aka tarar kuɗin da ke asusunsa bai kai ko kusa da abin da 'yan wasa ke binsa ba. Waɗannan manya ne masu suna, ina ga shafin da ko adireshinsa ba ka sani ba.

Shi kuwa mai sirrin Telegram, kar ka tura masa ko kwabo. Waɗannan mutane suna ba ni haushi matuƙa, wanda ya san hanyar cin gasa me zai kai shi bin yara yana karɓar dubu biyar biyar? Yawanci lambar gayyata zai ba ka, yana samun kaso daga duk abin da ka saka.

Kuma ƙanena kai ma ka sani, ko da ƙwarewa ko babu, kuɗin da aka ɗora a kan karta caca ce, Allah ya haɗa ta da giya a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ya ce a nisance ta. Kalmar da ta fi tsorata ni a wasiƙarka ita ce "in dawo da kuɗina", don duk wanda na gani ya nutse da ita ya fara. Kuɗin nan sun tafi, ka yi musu Innalillahi. Yau ɗin nan ka cire abin da ya rage, ka nemi shafin ya rufe asusunka, ka goge manhajar, ka rabu da mai Telegram ɗin nan. Sai ka rubuta ainihin abin da ka ɗiba a shago, ka samu kawunku ko wani babba da Yaya ke jin nauyinsa ya raka ka, ku zauna ka faɗa masa da bakinka kafin ya gano wajen lissafin kaya, ku tsara yadda za ka riƙa biya duk wata. Idan ka yi hakan ka sake rubuto min in ji yadda kuka ƙare.