Tara, sara, dara: koya wa yaro karatu da dangin kalmomi

Tambaya daga wata uwa a Agege: Malam, ɗana shekararsa 5, makarantar Turanci yake zuwa. Yana jin Hausa sarai amma bai iya karanta ta ba. Ta ina zan fara masa?

Amsa: Hajiya, ki fara da kunnensa kafin idonsa. Ki ce masa "tara, sara, dara", ki bar shi ya kawo ta huɗu da kansa. In ya ce "bara", to ya kama amsa-amo, saura rubutu.

Ki yanka kwali, ki rubuta "ra" a guda ɗaya, sauran kuma ta, sa, da, ba. Shi zai riƙa jera su da hannunsa yana furtawa. Kalma 5 a zama guda na minti 10 ta wadatar. Bayan kwana biyu ki koma dangin "ka": daka, saka, taka, kaka.

Kada ki raba masa kalma "t" daban, "ara" daban, irin yadda ake yi musu a ajin Turanci. Gaɓar Hausa galibi baƙi ce da wasali, kunnen yaro ta-ra yake ji, don haka nake ganin a bi gaɓa. Wasulan kuma biyar ne kacal: a, e, i, o, u.

Inda yaranmu na Legas ke tuntuɓe shi ne sunayen haruffa. An koya masa "c" sunanta "si", sai ya ga "ci" ya karanta "si". Ki ba shi sautin a cikin ci, ce, cokali, ki bar sunan.

Sai masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Mu ma manya muna zubar da su a saƙon waya, abin yana damuna ƙwarai. Ki haɗa masa su biyu-biyu: kasa da ƙasa, baki da baƙi, kafa da ƙafa. Ya taɓa bakinsa, ya taɓa ƙafarsa. Wasan nan na "da kwaɗo da ƙato suka tafi ƙoto" yana gyara harshe sosai.

Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke zuwa da kama ɗaya. Irin waɗannan ki jinkirta su sai ya fara karanta jimla, a nan "an tankaɗe gari" za ta nuna masa wanne ake nufi.