Ana karanta rubutuna, amma ba mai neman in horar da shi

Kin ce wata shida kina rubutu a intanet kan tsara rayuwa, ana karantawa, amma ba wanda ya nemi ki horar da shi. Yawanci batun ne ya yi faɗi. "Yadda za ka yi nasara" kowa ya rubuta, Google ba zai ɗora naki a sama ba. Ki zaɓi mutum ɗaya, misali ma'aikaci ɗan shekara 40 da ke son sauya sana'a, ki amsa tambayar da ke hana shi barci. Rubutu ɗaya a mako ya isa. A ƙarshen kowanne, maɓalli ɗaya tak: tattaunawar minti 20 kyauta. In maɓallan suka kai uku, sai mai karatu ya rikice ya wuce. Ki kuma nemi imel ɗinsa, don da wuya mutum ya biya a zuwan farko.