Ga 'yar uwar da ta ce ta daina yarda da maza

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Kin ce tun da aurenki ya mutu kika daina yarda akwai wani abu wai shi so, ga wani ya fito kin kasa sakin jiki da shi, har kina tsoron kada abin ya taɓa imaninki. Wallahi sai da na ajiye wayar na share hawaye, don kamar labarina kika rubuta.

Ni ina jego aka sake ni, ko arba'in ban yi ba. Bai ma iya zuwa ya dubi idona ba, ƙaninsa ya aiko da takardar a cikin ledar magani. Mutumin da na sayar da sarƙata da 'yan kunnena na ƙara masa jari! Ashe duk dangi sun san ya kai lefe wani gida, har ƙanwarsa da muke cin tuwo kwano ɗaya. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana a fitar da mace daga ɗakinta tana idda, amma wa ya tsaya ta aya? Ranar kwashe kaya uwarsa ta kafa kujera a bakin ƙofa tana duba tukwane ɗaya bayan ɗaya, wai kada a haɗa da nasu. Shi na yafe masa, amma kujerar nan har gobe in na tuna sai ƙirjina ya ɗau zafi.

Na daɗe ko sallamar namiji na ji a waya sai raina ya ɓaci. Masu cewa "ki yi haƙuri, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba" su suka fi ba ni haushi.

Abin da ya fara sanyaya min zuciya labarin Ummu Salama ne, a islamiyya malamarmu ta kawo shi daga Sahihu Muslim. Da mijinta Abu Salama ya rasu, ta tuna addu'ar da Annabi (SAW) ya koyar, "Allahumma ajurni fi musibati wa akhlif li khairan minha", sai ta ce a ranta, to wa ya fi Abu Salama? Duk da haka ta karanta, Allah Ya musanya mata da Manzon Allah da kansa. Kin ga ita ma ba ta hango ta inda alherin zai ɓullo ba. Don haka tsoron da kike ji ba raunin imani ba ne, ciwo ne bai warke ba. Ki riƙa karanta Suratun Nisa'i aya ta 130 ma, ta waɗanda suka rabu ce.

Shi wannan da ya fito, kada ki matsa wa kanki sai kin so shi yau. Ki yi istihara, raka'a biyu da addu'arta, kuma ba dole sai kin yi mafarki ba. Sannan a yi bincike na gaske. Baban Ummi da nake aure yanzu, yayana har kasuwarsu ya je ya tambayi yadda yake da bashi, ni kuma na sa aka jiyo min yadda suka rabu da matarsa ta farko. Namijin da ke zagin tsohuwar matarsa a zance, ki kiyaye shi. So kuwa daga baya ya zo min, lokacin da na ga yadda yake goya 'yar da ba shi ya haifa ba zuwa asibiti da tsakar dare.

Kada ki bari gorin gida ya tura ki, na san zaman zawarci, hatta ƙannenki sai sun raina ki. Ki kama sana'a ko ta turaren wuta ce. Kuma don Allah ku yi gwajin jini, a Kano ma tun 2024 doka ce kafin ɗaurin aure. Ba ki faɗa mana ko akwai yara tsakaninku da na farkon ba, in akwai ki yi maganar riƙonsu da wannan da ya fito tun yanzu, a gaban waliyyinki.