Za a sare mini koko saboda kumburin reshe: babu magani ne?

Tambaya: Malam, ina riƙon gonar koko a wajen Sefwi Wiawso ta ƙasar Gana kan tsarin abusa, wato a raba amfanin gona uku tsakanin mai gona da mai riƙo. Malaman gona sun ce cutar kumburin reshe ta shiga, za su sare har da itatuwan da ke ba da 'ya'ya. Wani mai magani ya ce in sayi nasa in fesa sau uku. Da gonar nan nake ciyar da iyali, barci ya gagare ni.

Amsa: Allah ya kawo sauƙi, ɗan'uwa. Idan jijiyoyin sabon ganye sun yi ja, tohon gindi ya kumbura, 'ya'yan suna fitowa ƙanana dunƙulallu, ita ce.

Kada ka ba mai maganin nan ko sidi ɗaya. Wannan ba baƙin ruɓa ba ce, cutar da ke ruɓar da 'ya'yan koko, da feshi ke tarewa. Bairus ce, tana cikin ruwan jikin itacen, kuma tun da aka gano ta a gabashin Gana a 1936 ba a samu abin da ke fitar da ita ba. Masana a cibiyar binciken koko ta Tafo sun shafe shekara fiye da 80 a kanta, sai mai jarka a bayan babur ne zai warkar da ita ranar kasuwa? Yawanci takin ganye ne suke sayarwa. Itacen ya yi kore na wata biyu, manomi ya yi ta godiya, alhali farin ƙwaron nan mai gari-gari a jiki yana tsotsa yana kai cutar gonar maƙwabci. Shi kansa ƙwaron feshi bai cika samunsa ba, don tururuwa na gina masa rufi tana shan zaƙin da yake fitarwa. Kullum sai na ji "ai itacen yana haihuwa". Yana haihuwa mana! Itace kan ɗauki cutar ya daɗe bai nuna ba, shi ya sa ake sare na kewaye da shi. In nau'in cutar mai tsanani ne kuwa, amfani ya riƙa raguwa, cikin 'yan shekaru itacen ya bushe.

Ƙin saran ba a kanka aka fara ba. Da Turawa suka tilasta saran a 1946 manoma sun tayar, har ya shiga cikin koke-koken tarzomar Accra ta 1948. Suna da hujja, don a sare wa mutum gona a bar shi yana jiran diyya daga ofis zuwa ofis zalunci ne, kuma jinkirin nan shi ke tura mutane hannun 'yan damfara.

Kafin a sa adda, ka je ofishin COCOBOD, hukumar koko ta Gana, na gundumarku tare da mai gonar. A auna gonar a gabanku, a rubuta sunanka a matsayin mai riƙo, ku yi magana kan rabon diyya. Ka karɓi dashe daga wurinsu kaɗai, ka sa agade da rogo a tsakani, su riƙe gidan kafin sabon koko ya fara haihuwa bayan kamar shekara 3.