Haƙoran gaban yaro sun ruɓe: a sa musu hula ko a jira famfara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa uku. Haƙoransa huɗu na sama sun yi baƙi daga gindi, biyu har sun gutsure. Likita ya ce a sa musu hula, wato murfin da ake kifawa a kan haƙori, kakarsa kuma ta ce asarar kuɗi ce tunda zai yi famfara. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Gaskiyar Kaka ce, haƙoran za su faɗi, amma sai wajen shekara 6 zuwa 8. Kin ga akwai shekara uku zuwa biyar a gaba, ruɓa kuwa ba ta jira. Haƙorin nono ɓawonsa siriri ne, nan da nan ruɓar ke kaiwa ga jijiya. Daga nan sai ciwon dare, sai ɗan ƙurji a dasashi mai fitar da mugunya. Abin da ya fi damuna shi ne haƙorin dindindin yana nan kwance a saman saiwar, kuma mugunyar na iya ɓata masa ɓawo tun bai fito ba, ya zo da tabo. Don haka kada a zuba ido.

Sai dai ba kowane ramin ke buƙatar hula ba. Ƙarami, ciko ya ishe shi. Ana komawa ga hula idan ruɓar ta zagaye haƙorin, ko bakinsa ya karye, ko an yi aikin jijiya.

Ga abin da za a ba ki zaɓi a kai. Akwai wadda ake ginawa da farin ciko: likita ya cika wani ɗan kwanson roba, ya kifa a kan haƙorin, ya haska fitila ya daskare, ya ɓare kwanson. Tana da kyau, ba a rage haƙori da yawa, amma tana son wuri busasshe, ba yawu ba jini, kuma sai da ragowar haƙorin da za ta kama. Tana iya gutsurewa ko ta canza launi. Akwai ta zirkoniya, fara mai ƙarfi kamar tangaran, santsinta ba ya tara dauɗa. Ita kuma ba ta lanƙwasuwa, sai an fere haƙorin sosai kafin ta shiga, kuma ta fi tsada. Akwai ta ƙarfe mai farar fuska. Tana jure wahala, amma farin kan ɓalle ƙarfen ya leƙo.

Ni a ganina, kada farin ya ruɗe ki. Ki tambayi likita: nawa ya rage na haƙorin, saiwar lafiya take a hoton eksre, kuma a farke za a yi aikin ko sai an sa shi barci? Ɗan shekara uku da haƙora huɗu da wuya ya zauna shiru, don haka maganar barcin ki yi ta dalla-dalla, ki san wanda zai kula da numfashinsa. In yaron ba zai iya ba yanzu, akwai wani ruwan magani mai azurfa da fulorayid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori) da ake shafawa ya tsayar da ruɓar. Aibinsa, wurin yakan koma baƙi ƙirin har haƙorin ya faɗi.

Abu ɗaya kuma, kada ki ji haushina. Irin wannan ruɓar ta haƙoran sama yawanci daga kwana da bulumboti a baki take, ko tsotson abin zaƙi duk yini. In ba a daina ba, gefen hular ma zai ruɓe. Ki riƙa goge masa da kanki safe da dare da man goge baki mai fulorayid. Daga shekara uku, kamar ƙwayar wake ya isa.

Tambaya: 'Yata mai shekara tara ta faɗi, rabin haƙorinta na gaba ya karye. Na nemi a sa hula, likita ya ƙi. In canza likita?

Amsa: A'a Malam, riƙe shi da kyau. Wannan haƙorin dindindin ne, kuma a shekarunta jijiyarsa babba ce, dasashi bai gama zama ba. In aka fere shi yanzu ana iya taɓa jijiyar, nan da 'yan shekaru kuma bakin hular ya fito fili. Ciko mai launin haƙori ake ginawa a wurin, hula sai ta girma in akwai buƙata. Da an tsinci guntun an jefa shi cikin madara an tafi da shi, sau da yawa ana iya manna shi. Ku riƙa duba haƙorin: in ya fara duhu ko dasashi ya kumbura, ku koma wurin likitan a ranar.