Daga maki 19 da 18 zuwa dala biliyan 76: me ya ɗaga gasar NBA?

Tambaya: Assalamu alaikum Koci. Ni matashi ne a Zariya, ina buga ƙwallon kwando, ina kuma tashi cikin dare in kalli wasannin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Kwanan baya wani dattijo da ke zuwa filinmu ya ce akwai lokacin da ko a Amurka ba a nuna wasan ƙarshe na gasar kai tsaye, sai dai a naɗe shi a saka bayan mutane sun kwanta. Mun yi ta musu da shi. Gaskiya ne? In haka ne, me ya ɗaga ta? Kuma me ya hana tamu ta Najeriya tashi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ku koma ku ba dattijon nan haƙuri, gaskiyarsa ce.

Ranar 16 ga Mayu, 1980, Los Angeles Lakers ta je Philadelphia buga wasa na shida a jerin wasannin ƙarshe. Babban ɗan wasanta Kareem Abdul-Jabbar na gida da targaɗe a ƙafa. Sai wani yaro ɗan shekara 20, Magic Johnson, ya tsaya a gurbinsa ya zuba maki 42, Lakers ta ɗauki kofi. Wannan wasa da har gobe ake ba da labarinsa, a yawancin biranen Amurka sai ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare tashar CBS ta saka shi, a naɗe. A ganinsu shirye-shiryensu na yau da kullum sun fi shi kawo talla. A lokacin gasar ta shekara talatin da 'yan kai, ƙungiyoyi da dama na tafka asara, jaridu kuma na ta rubutu kan shaye-shayen 'yan wasa.

Amma bari in mai da kai baya, domin wannan ba ita ce jinyar farko ba.

An kafa gasar a 1946 da sunan BAA, kuma akasarin waɗanda suka kafa ta masu manyan zaurukan wasanni ne da ke neman abin da zai cika musu kujeru a daren da babu wasan hoki. A 1949 ta haɗe da wata gasar mai suna NBL, aka sami NBA. Ciwonta na farko a cikin dokar wasan yake. Babu abin da ya tilasta wa ƙungiya ta jefa ƙwallo, don haka da ta sami rata sai ta riƙe ta yi ta miƙa wa juna har lokaci ya ƙare. Ranar 22 ga Nuwamba, 1950, Fort Wayne Pistons ta je gidan Minneapolis Lakers tana tsoron dogon ɗan wasansu George Mikan. Dabarar da ta yi ita ce ta hana shi ganin ƙwallo. Ɗan wasa zai tsaya da ƙwallo a kunkuminsa, 'yan kallo na ihu suna zagi, shi ko gezau. Aka tashi 19 da 18. Cikin maki 18 na Lakers, 15 Mikan ne ya ci. Ka faɗa mini, wa zai sake sayen tikiti ya dawo kallon wannan?

Maganin ya fito daga Danny Biasone, mai ƙungiyar Syracuse Nationals, kuma lissafinsa ko ɗan firamare zai iya. Wasa minti 48 ne, wato daƙiƙa 2,880. Ya lura wasan da ke da daɗin kallo, ƙungiyoyin biyu kan jefa ƙwallo kusan sau 120. Raba 2,880 gida 120, ka sami 24. A 1954 aka kafa dokar: kuna da daƙiƙa 24 ku jefa, in ba haka ba ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. A kaka ɗaya matsakaicin makin ƙungiya ya tashi daga kusan 79 zuwa 93. A ra'ayina babu wani tauraro, har da Michael Jordan, da ya yi wa gasar aikin da agogon nan ya yi mata, domin da babu shi da ba ta kai lokacin Jordan ɗin ba. 

To me ya fitar da ita daga halin 1980? Mutane kan ce Magic Johnson da Larry Bird, kuma ba su yi ƙarya ba. Tare suka shigo a 1979, ɗaya a Lakers ɗaya a Boston Celtics, ƙungiyoyin da tun zamanin Bill Russell, tsohon tauraron Celtics, ba sa ga-maciji, suka kuma haɗu a wasan ƙarshe sau uku: 1984, 1985 da 1987. Sai dai abin da ya fi muhimmanci a ofis aka yi shi, ba a fili ba. A 1983 masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa suka amince a sa iyaka ga albashin da kowace ƙungiya za ta biya, a kuma ware wa 'yan wasa kashi 53 cikin ɗari na kuɗin shiga. Ka duba hikimar: daga ranar, in gasa ta samu ɗan wasa ya samu, in ta rasa ya rasa. Lauyan da ya taka rawa a wannan yarjejeniya, David Stern, shi ya zama shugaban gasar a 1984, ya riƙe ta shekara 30.

Akwai kuma tsarin ɗaukar sababbin 'yan wasa, wanda zai ba mai kallon ƙwallon ƙafar Turai mamaki. Babu ƙungiyar da ake korowa ƙasa. Waɗanda suka fi shan kashi su ke da damar fara zaɓen matasan da suka fi ƙwarewa. Haka aka yi a 1984: Houston Rockets ta fara zaɓe ta ɗauki Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, Chicago Bulls ta ɗauki Michael Jordan a na uku. Wannan ke sa magoyin bayan ƙungiyar da ke kwance bai yanke ƙauna.

Stern ya gane cewa ƙwallon kwando na da abin da sauran manyan wasannin Amurka ba su da shi. Mutum biyar ne kawai a kowane ɓangare, babu hular kwano, kana ganin fuskar ɗan wasa da zufarsa da fushinsa. Sai ya sa aka riƙa tallata mutanen. A gasar Olamfik ta 1992 a Barcelona, karon farko da 'yan NBA suka buga, Amurka ta doke Angola 116 da 48, duniya na kallo. Yaran da suka ga wannan a Turai da Afirka da Asiya su ne suka fara cika gasar daga baya. Olajuwon ya ci kofi a 1994 da 1995, yana buga wasa da azumi a bakinsa in Ramadan ya zo, kuma ban san adadin iyayen da wannan ya sa suka daina hana 'ya'yansu zuwa fili ba sai dai na ga wasu da idona. Yau akwai 'yan wasa sama da 120 da aka haifa a wajen Amurka, kuma daga 2019 zuwa 2025 babu haifaffen Amurka da ya zama gwarzon kaka: Giannis Antetokounmpo, ɗan iyayen Najeriya da aka haifa a Girka, sau biyu, Nikola Jokic na Sabiya sau uku, Joel Embiid, haifaffen Kamaru, sai Shai Gilgeous-Alexander na Kanada. A 2024 gasar ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta na shekara 11 ga Disney da NBC da Amazon a kan kusan dala biliyan 76.

Tambayarka ta ƙarshe ita ke mini ciwo. Ba 'yan wasa muka rasa ba. D'Tigers, ƙungiyar maza ta Najeriya, ta ci kofin Afirka a 2015, ta doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunta a 2021. Kano Pillars ta ɗauki kofin gasarmu sau da yawa, Rivers Hoopers ta zo ta uku a gasar BAL ta Afirka a 2024. Abin da muka rasa shi ne tabbas. A 2017 aka yi zaɓen shugabancin hukumar ƙwallon kwando sau biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, rigimar ta ci shekaru, gasa ta riƙa tsayawa. A 2022 rikicin ya jawo D'Tigress, ƙungiyar mata ta Najeriya, ta rasa gurbinta a gasar cin kofin duniya, aka ba Mali. Kamfanin da zai zuba kuɗi yana so ya san ranar farawa da ranar gamawa. NBA na da ƙungiyoyi 30, kowace na buga wasa 82, kuma tun watanni kafin a fara kowa ya san jadawali.

Wannan gyaran ya fi ƙarfinku. Amma a filinku na Zariya, daga gobe ku ba yaro ɗaya waya ya zauna a gefe yana ƙirga daƙiƙa 24, in saura biyar ya ɗaga murya. Ku gayyaci dattijon nan ya zauna kusa da shi.