Zan iya kwasar hirar guruf ɗin iyayen masu sikila in yi furojet da ita?

Tambaya: Salam Dakta, ni ɗaliba ce ajin ƙarshe a fannin lafiyar al'umma. Ina cikin wani guruf na WhatsApp na iyayen yara masu sikila, kullum hira ake kan ciwon, kuɗin asibiti, har da maganin gargajiya. Zan iya kwasar hirar in yi furojet da ita tunda ba zan saka sunan kowa ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Gaskiya ba haka ake yi ba. Matar da ta rubuta da ƙarfe biyun dare cewa ɗanta na ta ihu saboda ciwon ƙafa kuma ba ta da kuɗin jini, 'yan'uwanta masu irin lalurar take faɗa wa, ba ta san akwai mai bincike a ciki ba. Cire suna kuma bai isa ba, in kika kwafo maganarta kalma da kalma, ga unguwa, ga shekarun yaron, ga cewa mijin direban tanka ne, wallahi wanda ya san ta zai gane ta, kuma kin san yadda zancen sikila ke ɓata maganar aure a wasu gidaje.

Ki fara kai takardar bincikenki gaban kwamitin da'ar bincike na makarantarku ko na asibitin koyarwa, irin waɗannan kwamitoci suna ƙarƙashin NHREC ne, wato kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta saka bayanin lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. In sun amince, sai ki je wa admin, ki fito fili ki ce ga ni ga abin da nake so, amma izinin admin ba izinin mambobi ba ne, kowacce sai ta yarda da kanta, wadda ba ta iya karatu ba ki tura mata bayani da murya. Mu nan ba mu manta da gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a Kano a 1996 ba lokacin sanƙarau, yara kusan 200, kuma babban ƙorafin iyaye shi ne ba a yi musu bayani ba. Har yau muna shan wahalar wannan rashin yarda a wajen rigakafi.

Sai kuma ingancin aikin kansa. Waɗanda ke guruf ɗin masu babbar waya ne da kuɗin data, yawanci 'yan birni, matar ƙauye mai aron wayar miji ba ta ciki, don haka kar ki rubuta "iyayen masu sikila a Arewa sun ce". A yawancin guruf ma mutane kaɗan ne ke cika shi da surutu, saura karatu kawai suke. In za ki tura fom na Google kuma kika yi alkawarin katin waya, ki duba amsoshin da kyau, na taɓa ganin lamba ɗaya ta cike sau huɗu da sunaye daban-daban.